Gem Ɗin Faɗa Na Da: Wanne Zai Riƙe Benci?

Ƙanina yana da gidan gem a Kurna, shago ɗaya, talabijin huɗu, benci biyu. Uku daga cikin talabijin ɗin ƙwallo ake bugawa a kansu tun daga la'asar har a rufe, Madrid da Barcelona, Barcelona da Madrid, sai ka ce duniya ba ta da wasu ƙungiyoyi. Ta huɗun tsohuwa ce mai ƙusumbi da ya ɗauko daga gida, an ajiye ta a lungu tana shan ƙura. Wani dare bayan isha'i ya shigo wurina, ko zama bai gama yi ba ya ce, "Yaya, talabijin ɗin lungun nan nake so na tayar. Gem ɗin faɗa zan sa mata, irin naku na da, na mutum biyu. Wanne ka ga ya dace?"

Har na buɗe baki zan ce Street Fighter, don da shi na tashi, sai na tuna ba ni ke biyan kuɗin haya da man janareta ba. Na ce mu gwada tukuna. Muka ware wa kowane gem mako guda, ni kuma in na taso daga kasuwa sai na biya na zauna a bayan benci, idona a kan masu bugawa. Huɗu muka gwada: Street Fighter II, Mortal Kombat, Tekken 3, da wani da 'yan kaɗan suka sani a garin nan, Power Stone. Duk wanda yake tsaye a inda ƙanina ya tsaya, mai shago ne, ko uban da ke son saya wa 'ya'yansa, ko 'yan majalisar da ke neman abin tsokanar juna, ga abin da na gani.

Tun a makon farko na samu ma'aunina, wato fuskar wanda aka cinye. Dokar shagon ita ce kowa ya biya kuɗin zamansa, wanda aka kayar ya miƙa hannun gem ga na bayansa. Da can wanda aka cinye ne ke biya wa su biyun, har wani malamin unguwar ya ja kunnen ƙanina cewa wannan ƙanwar caca ce, ya daina. To, wanda ya ci ba ya buƙatar rarrashi, yana nan daram a kujera. Wanda aka cinye shi ne abin kallo: ko ya koma ƙarshen layi yana cizon yatsa yana rantsuwar sai ya rama, ko ya kaɗe rigarsa ya koma kan ƙwallo. Gem ɗin da ke mayar da mutum layi shi ke riƙe benci.

Da Street Fighter II muka fara, don shi ne uban gidan. Kamfanin Capcom na Japan ya fito da shi a 1991, a manyan akwatunan da ake jefa wa kwabo a gidajen wasa, kuma kusan duk gem ɗin faɗan da ya biyo baya daga jikinsa ya yago. Mutum takwas ake zaɓa a na farkon: Ryu, Ken, Chun-Li, Guile, Blanka, Dhalsim, Zangief da E. Honda. Madannai shida ne, naushi uku, ƙafa uku, daga mai sauƙi mai sauri zuwa mai nauyi mai jinkiri. Kariya ba ta da madanni, baya kawai za ka ja. Turmi uku ake yi kamar dambe, wanda ya ci biyu ya yi kisa.

Daɗinsa shi ne, in ka cire Ryu da Ken, babu mutum biyu a ciki da suke faɗa iri ɗaya. Dhalsim daga nesa yake miƙo hannu kamar roba, in ka matso masa ya shiga uku. Zangief kuwa tafiyar hawainiya gare shi, amma ranar da ya cafke ka sai ka ga jininka, wato layin ƙarfinka na saman allo, ya zube kamar an fasa tulu. Ryu da Ken suna jefo wuta don su tilasta maka tsalle, kana tsalle su tare ka da naushin da ke tashi sama. Wasan gaba ɗaya na tazara ne da karanta zuciyar abokin karawa: zai jefo ko ba zai jefo ba, in yi tsalle ko in jira. Wanda ya taɓa zama a gidan dambe ya ga 'yan wasa biyu suna zagaya juna, hannun kariya a gaba, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi saki, ya san wannan shirun.

Matsalar a yatsa take. Kafin ka jefa wutar Ryu sai ka mirgina babban yatsa daga ƙasa zuwa gaba a tafi ɗaya, sannan naushi. Naushin saman ya fi wuya: gaba, ƙasa, ƙasa da gaba, naushi, duk cikin ƙiftawar ido. Yaron da ya zo yau ba zai iya ba, gobe ma ba lallai ba, kuma a hannun gem mai taurin roba yatsan har ƙuna yake yi.

Akwai wani tela a layin, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni, wanda ya buga Street Fighter tun zamanin Sega. Ranar da ya ji sautin gem ɗin daga shagonsa, da tef ɗin awo a wuya ya shigo. Guile ya ɗauka, ya durƙusa a lungun allo. Wanda ya san Guile ya san abin da hakan ke nufi: a durƙushen nan yana tara ƙarfin duka biyu a lokaci guda, in ka tsaya nesa ya jefo maka, in ka yi tsalle ya tashi da ƙafa ya kakkaɓo ka. Yara bakwai ya kayar a jere bai motsa daga lungun ba. Babu ko ɗaya da ya koma layi. Ɗayansu yana fita na ji yana cewa, "Wannan baban ko taɓa shi ba a yi." Gaskiya ya faɗa, kuma wannan shi ne ciwon Street Fighter II a shago: tsakanin gwani da ɗan koyo akwai rami, kuma gem ɗin ba ya jefa wa na ƙasa igiya. Ba a ci da sa'a.

Amma daren Juma'a, da wani direban adaidaita sahu tsohon hannu ya zo ya ɗauki Ken, sai na ga ɗaya fuskar. Shi da telan suka yi ta yi har man janareta ya ƙare, ci ɗaya nan, ci ɗaya can, ba mai magana sai ƙarar madannai. Mutum biyu masu ƙarfi ɗaya za su shekara goma a kan gem ɗin nan ba su ƙoshi ba. Sai dai mutum biyu ba sa cika benci.

In shi ka zaɓa, kula da wanne ka ɗauko, don suna da yawa. Na 1991 ba ya barin mutum biyu su ɗauki ɗan wasa ɗaya, kuma rigimar wa zai ɗauki Ken ta isa ta raba abota. Champion Edition na 1992 ya gyara wannan, ya kuma ba da damar zaɓar bosawan nan huɗu, wato manyan abokan gaba na ƙarshen gem, Balrog, Vega, Sagat da M. Bison. Hyper Fighting, wanda ya biyo shi a shekarar, ya ƙara sauri, kuma ni shi nake ba wa mutane shawara. Super Turbo na 1994 ya fi su zurfi, amma na gwanaye ne. Ka guji wanda ake kira Rainbow, na jabu ne da aka yi wa kutse tun wancan zamanin, wuta na cika allo, mutum na rikiɗa ya zama wani a tsakiyar faɗa. Yana yawan ɓuya a cikin akwatunan nan 'yan Caina masu ɗaruruwan gem. Minti goma na dariya ne, daga nan babu komai.

Mako na biyu muka ɗora Mortal Kombat, kuma a ranar farko sai da aka bar ƙwallo aka zo kallo. Kamfanin Midway na birnin Cikago a Amurka ya yi shi a 1992, ƙarƙashin Ed Boon da John Tobias. Maimakon zane, mutane na gaske suka ɗauka a kyamara suna naushi da tsalle, suka mayar da hotunan cikin gem. Shi ya sa har yau yaron da bai taɓa ganinsa ba yake tsayawa ya ƙura ido.

Ga kuma abin da ya shafe mu. A cikin mutum bakwai na gem ɗin farko akwai mai suna Kano. Sunan ne kawai ya zo ɗaya, don a labarin ɗan fashi ne, rabin fuskarsa ƙarfe, ido ɗaya ja, yana jifa da wuƙa yana dunƙulewa kamar ƙwallo ya bangaje mutum. Yaran Kurna ba ruwansu da labari, kowa Kano yake so. Wani Bazazzage mai sayar da kayan waya a kusa ya samu abin yi, kullum sai ya leƙo ya ce, "Kanawa, ashe tun 1992 Turawa suka gano ku." Aka ce masa ai ko ba komai an san da mu, a nuna mana Zariya a cikin gem. A Mortal Kombat II na 1993 ma ba a zaɓar Kano, sai dai ka hango shi ɗaure da sarƙa a bayan wani fage, abin da ya ƙara wa Bazazzagen ƙarfin baki. A na uku ya dawo.

Wajen bugawa, Mortal Kombat ya fi Street Fighter sauƙin shiga. Madannai biyar ne a na farko da na biyu, naushi biyu, ƙafa biyu, da madannin kariya na musamman. Kusan duk 'yan wasan naushinsu da shurinsu iri ɗaya ne, don haka abin da ka koya da ɗaya ya yi maka aiki da kowa: ƙasa da naushin sama ya ba ka naushin haɓar da ke ɗaga mutum, baya da ƙafar ƙasa ya ba ka taɗiya. Dukan musamman ma ba sai ka mirgina yatsa sosai ba. Igiyar Scorpion baya, baya, naushi ce kawai. Ƙanƙarar Sub-Zero ƙasa, gaba, naushi. Cikin awa ɗaya yaro ya fara jawo abokinsa da igiya yana ɗaga shi sama, ana ihu.

Wannan sauƙin shi ne kuma iyakarsa. Zuwa ranar Laraba faɗan ya koma abu uku, tsalle da ƙafa, taɗiya, naushin haɓa, a sake. Ultimate Mortal Kombat 3 na 1995 ya fi rai, don yana da madannin gudu da jerin dukan da ake haddacewa, kuma ya dawo da Scorpion da aka cire a na uku. In dole sai Mortal Kombat, shi za a ɗora, ko Trilogy na 1996 da ya tara kusan kowa. Sai dai kada mutum ɗaya ya zauna ya ce zai kara da kwamfutar gem ɗin. Tana ganin abin da ka danna kafin hannunka ya sauka, ta mayar maka da martani, kuma na ga babban mutum ya kusa jifa da hannun gem a kan haka.

Babban abin da ke jawo 'yan kallo shi ne kisan ƙarshe. In ka ci turmi na biyu, abokin karawarka zai tsaya yana layi, murya ta ce ka ƙarasa shi, in ka san sirrin madannan sai allo ya yi duhu a yi masa kisan wulaƙanci. Kano zuciya yake cirowa daga ƙirji. Sub-Zero kai yake fizgewa har da ƙashin baya. Wannan ba mu kaɗai ya dama ba. Da gem ɗin ya shiga gidaje a Satumban 1993, Nintendo, mai ƙera na'urar gem, ta mayar da jinin gumi a tata na'urar, Sega kuma ta ɓoye shi sai an danna A, B, A, C, A, B, B. A Disambar shekarar Majalisar Dattawan Amurka ta zauna a kan irin waɗannan wasanni, kuma daga nan aka kafa hukumar ESRB a 1994, mai rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane gem. Wato ƙasar da ta haife shi ma sai da ta yi masa shamaki.

Mu namu zaman majalisar ranar Alhamis aka yi shi. Wani dattijo ya zo kiran jikansa gab da magariba, ya sa kai daidai lokacin da aka ɗaga kan mutum sama jini na ɗiga. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi ƙanina ya ce, "Ɗan nan, abin da kake nuna musu ke nan?" Ƙanina ya miƙe ya ce, "Baba, a yi haƙuri, gwaji muke yi." Dattijon ya ce, "To ku gwada wani." Ya kama hannun yaron suka fita. Gidan gem a cikin unguwa da yardar iyaye yake rayuwa, kuma iyayen nan su ne masu sallah a sahu ɗaya da kai. Kada ka ce za ka ɗora na Sega marar jini ka huta, kafin la'asar wani yaro ya samo lambobin a waya.

Akwai kuma abin da na lura da shi a fuskar wanda aka cinye. A Street Fighter in an kayar da kai, an kayar da kai ke nan. A nan bayan kayarwar sai an tsaya an yi maka yankan rago a gaban jama'a ana shewa. Manya suna dariya su wuce. Yara 'yan shekara goma sha biyu ba sa wucewa, sau biyu ƙanina yana raba faɗan gaske a ƙofar shago a makon nan.

Sai Tekken 3. Na shiga makonsa da raini, ba zan ɓoye ba, don mu 'yan Street Fighter kallon gem ɗin 'yan danne-danne muke yi masa. Namco ce ta yi shi, ya fito a gidajen wasa a 1997, ya zo PlayStation a 1998, inda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 8. Dabararsa ɗaya ce mai sauƙi: madanni huɗu, kowanne gaɓa ɗaya. Bokis hannun hagu, tirayangul hannun dama, ekis ƙafar hagu, o ƙafar dama. Ba sai an yi wa kowa bayani ba, kuma madannan nan huɗu su ne a fuskar hannun PlayStation, ba sai ka laluba na kafaɗa ba. Fagen kuma yana da zurfi, kana iya gocewa gefe duka ya wuce ta gabanka. Babu bango, babu lungun da za a matse ka, babu wanda zai zauna nesa yana jifanka da wuta har ka gaji.

Sannan ga Eddy Gordo, ɗan Birazil mai salon kafuwera, faɗan da ya yi kama da rawa. Duk wanda ya ɗauke shi ya dinga danna ekis da o ba ƙaƙƙautawa zai ga mutum yana juyi da ka a ƙasa, ƙafafu na zuwa ta sama da ta ƙasa. A rana ta biyu wani yaro ɗan firamare, ko kallon allon ba ya yi sosai, ya kayar da telan nan turmi biyu a jere. Shagon ya kaure. Telan ya ajiye hannun gem a hankali ya ce, "Wannan ba iyawa ba ce, dannawa ce." Yaron ya ce, "Kawu, a sake?" Aka sake, aka sake kayar da shi. Ban taɓa ganin layi ya yi tsawo a lungun nan kamar ranar ba, don kowane yaro ya ga cewa shi ma zai iya kayar da babba.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce raina ya yi gaskiya. Amma kafin mako ya ƙare wani ɗan sakandare ya gano cewa yawancin juyin Eddy ta ƙasa yake zuwa, in ka durƙusa ka tare, akwai ɗan lokacin da yake buɗe, sai ka ɗaga shi sama da naushi ka bi shi da duka biyu uku kafin ya sauka. Ya fara cinye masu Eddy ɗaya bayan ɗaya. Sai wani ya koyi naushin Paul mai cin jini da yawa a tashi ɗaya. Wani ya zauna ya haddace kokawar King, mai fuskar damisa, wadda kamu ɗaya ke haifar da wani. Sai aka gano cewa kamun ma ana kuɓuce masa in ka danna hannun da ya dace da wuri. Matakala ce: ɗan koyo yana ci ran farko da sa'a, gwani yana cinsa sau takwas cikin goma, amma biyun nan da suka rage su ke mayar da shi layi. A Street Fighter goma cikin goma ne.

Ga mai shago akwai ƙarin riba. Turmin Tekken 3 daƙiƙa 40 ne in ba a taɓa saitin ba, alhali agogon Street Fighter da na Mortal Kombat daga 99 suke farawa, don haka kujera na saurin juyawa, mai jira ba ya gajiya. Babu yanka, babu fizgar kai, wanda aka kayar yana kwance ne kawai. Aibinsa biyu. Na ɗaya, da mutum goma yake farawa, sauran fiye da goma sai an yi ta cinye gem ɗin ana buɗe su, kuma in ba ka da memori, katin da ke adana inda ka kai a gem, ana ɗauke wuta komai ya koma farko. Sayi memori tun ranar da ka sayi na'urar. Na biyu, hotonsa ya tsufa fiye da na sauran. Zanen Street Fighter har gobe kyakkyawa ne, amma mutanen Tekken 3 a babbar talabijin ta bango kamar an sassaƙa su da gatari suke.

Power Stone kwana huɗu kawai ya samu, a kwamfutata na kawo shi, kuma shi ne wanda na fi jin takaicin barinsa. Capcom ce ta yi shi a 1999, a gidajen wasa da kuma na'urar Dreamcast ta Sega. Shi ne fage na gaskiya a cikinsu: ɗaki ne ko tsakar gida, kana gudu duk inda ka so, ka ɗauki kujera ko tebur ko tukunya ka jefi abokinka, ka kama ginshiƙi ka yi lilo ka sauko masa da ƙafa, akwati ya faɗo ka buɗe ka samu takobi ko bindiga. Kowa yana farawa da dutse ɗaya mai ƙyalli, na uku ya faɗo daga baya, in ka doki mutum da kyau nasa ya zube. Wanda ya haɗa ukun sai ya rikiɗa na ɗan lokaci ya yi ta ɓarin wuta, ɗayan kuma ba abin da ya rage masa sai gudun ceton rai. Yara ƙanana sun fi kowa son sa, dariyar da aka yi a kwanakin nan ta fi ta sauran makonnin a haɗe. Ko wanda aka cinye dariya yake yi.

Abin da ya kayar da shi na'ura ce. Sega ta daina ƙera Dreamcast tun 2001, kuma ko ka zagaye Sabon Gari da Beirut Road da ƙyar ka ga mai lafiya, balle hannunta in ya lalace. An sake fitar da shi tare da na biyunsa, mai ɗaukar mutum huɗu, a cikin Capcom Fighting Collection 2 a 2025, don haka mai PS4 ko Switch a gida yana da hanya. Uban da ke neman abin da 'ya'yansa za su buga tare ba a tashi da kuka ba, wannan nake nuna masa kafin kowanne. Amma ƙanina ba zai cire PS4 daga kan ƙwallo ya kai lungu ba, ƙwallon ce ke biyan haya.

Maganar na'ura ta shafi sauran ma. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbin nan da ake rainawa ita ce ta fi dacewa da su duka, don kana dannawa take nunawa. Yawancin na bango suna ɗan riƙe hoto su gyara shi kafin su fitar, jinkirin da mai kallon ƙwallo ba zai ji ba, amma mai son tare tsalle da naushin Ken zai ji shi a jikinsa. In ta bango ce da kai, nemi saitin gem a cikinta ka kunna. Tekken 3 yana tafiya a PS1, yana kuma tafiya a PS2, wadda har yanzu ake samun ta da masu gyaranta a gari. Sai dai a lura, bugun Turai yana tafiya a kan hoto 50 ne a daƙiƙa, na Amurka da Japan a kan 60, don haka na Turan ya fi nauyin jiki, kuma wanda ya saba da ɗaya zai ji bambanci a ɗayan. Street Fighter kuwa hannu mai madanni shida yake so. A hannun Sega mai uku sai ka danna Start kafin ka sauya daga naushi zuwa ƙafa, azabar da ba na yi wa maƙiyina fata. Akwatin Caina mai sanduna biyu yana magance wannan, amma sandunan ba sa jure hannun yara, kuma wasu gem ɗin a cikinsa sauti da hoto ba sa tafiya tare. Gwada wanda kake so a gaban mai sayarwa kafin ka ƙirga kuɗi.

Da watan ya cika na faɗa wa ƙanina ra'ayina ba kwana-kwana. Shago a cikin unguwa, mai yara da manya masu shigowa da fita, Tekken 3. Majalisar tsofaffin hannu da ƙarfinsu ya zo ɗaya, Street Fighter II, Hyper Fighting, kuma babu na biyunsa a wurina har yanzu. Gida mai ƙananan yara, Power Stone in akwai na'urarsa. Mortal Kombat na samari ne a ɗakinsu, ƙofa a rufe, inda ba jikan kowa.

Ya ɗora Tekken 3, ya bar wa su tela daren Juma'a bayan isha'i, a sauya waya a sa musu Street Fighter. Rigimar da ta rage ita ce ta Eddy. Manyan sun kawo ƙara cewa a hana ɗaukarsa, yaran suka ce in an hana Eddy a hana Guile durƙuso. Ƙanina ya yanke cewa ba a ɗaukar Eddy sau biyu a jere, ya rubuta da alli a bango, an goge an sake rubutawa ya fi sau uku.

Shekaranjiya da hantsi na biya ta shagon karɓar cajata, lokacin yara duk suna makaranta. Na tarar da telan shi kaɗai a lungu, tef a wuya, ya sa Tekken a wurin koyo, ya tsayar da Eddy a gabansa yana gwada naushin Paul. Ya ɗago ya gan ni, ya ce, "Malam, ɗinki na kawo wa ƙaninka." Babu ko ƙyalle a hannunsa.